Ɗabi'un Mutanen Cikin Silima da Asalinsu a Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon silima, musamman finafinan Amurka, ya san cewa mutanen da yake gani a jikin allo suna da waɗansu ɗabi'u da ba ya ganin irinsu a gida ko a kasuwa. Mutum zai buga tarho, ya faɗi abin da ke bakinsa, ya kife kan wayar ba ko sallama. Uwargida za ta cika tebur da abincin safe, maigida ya kurɓi shayi sau ɗaya ya fice, yara su rufa masa baya. Wanda ya shiga tasi zai miƙa kuɗi ya sauka, bai tambayi nawa ne ba, bai kuma jira canji ba. In ana hira, babu mai katse wani, babu mai in'ina, babu mai mance abin da ya yi niyyar faɗa. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kai aya sa'an nan ya ɗauka. Har ma za ka ga wa ya dubi ƙanensa yana tuna masa shekarar da mahaifinsu ya rasu, sai ka ce ƙanen ba ya gari aka yi rasuwar.

Yawancin masu kallo dariya suke yi wa waɗannan abubuwa, su ce masu shirya fim ba su san zaman duniya ba. A wannan takarda muna so mu nuna cewa kowace ɗaya daga cikin ɗabi'un nan tana da mafari, tana kuma da dalili, kuma dalilan ba su wuce uku ba, watau na'ura, da doka, da tsadar lokaci. Za mu kuma nuna cewa sau da yawa dalili yakan gushe, ɗabi'ar da ya haifar ta zauna daram. Wannan magana ta shafi masu nazarin tarihi ƙwarai, domin fim ya shiga cikin abubuwan da ɗalibanmu ke kafa hujja da su. Ɗalibin da ya dogara da finafinan wajen 1940 don ya san yadda ma'aurata ke kwana a Amurka zai rubuta cewa kowa da gadonsa, kuma zai rubuta kuskure ke nan. Za mu fi tsayawa a kan Holiwud tsakanin 1927 da 1975, tun da can ne aka ƙera mafi yawan waɗannan ɗabi'u, sa'an nan mu leƙa Indiya da ƙasar Hausa a taƙaice.

2.0 Abin da Na'ura ta Tilasta

Kafin 1927 mutanen silima bebaye ne. Da ido da hannu suke isar da saƙo, in abu ya faskara sai a nuna ɗan rubutu a jikin allo. Tilas rubutun ya zama gajere domin mai kallo ya karance shi cikin 'yan daƙiƙu. Tun daga nan masu shirya fim suka saba da cewa maganar silima ita ce tsagwaron abin da labari ke bukata, ban da ƙari.

A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner Brothers ya fitar da The Jazz Singer, wanda mafi yawansa bebe ne, amma akwai waƙoƙi da 'yar magana da ake ji suna fitowa daidai da motsin bakin ɗan wasa. A 1928 kamfanin ya sake fitar da Lights of New York, fim na farko mai tsawo da ake magana a cikinsa daga farko har ƙarshe. Na'urorin wannan lokaci suna da rauni biyu. Na farko, makirufo ba ya jin magana daga nesa, don haka sai a ɓoye shi cikin tulun furanni ko jikin wani kayan ɗaki, a umarci 'yan wasa su taru kusa da shi su yi magana suna fuskantarsa. Na biyu, ita kanta kyamara tana da ƙara, sai aka kulle ta da mai ɗaukar hoton cikin wani akwati mai tagar gilashi, ba ta iya yawo. Sakamakon haka shi ne mutane su tsaya cirko-cirko a wuri ɗaya, suna furta kalma ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ba a daɗe ba aka gano dabarar rataye makirufo a dogon sanda a riƙa bin ɗan wasa da shi ta sama, dabarar da ake dangantawa ga Dorothy Arzner lokacin da take shirya The Wild Party a 1929. Holiwud da kanta ta yi wa wannan zamani ba'a a cikin Singin' in the Rain na 1952.

Sandan ya 'yanta ƙafafun 'yan wasa, amma bai 'yanta bakinsu ba. Dalili kuwa shi ne, ana ɗaukar hira guda sau da yawa: sau ɗaya daga nesa, sa'an nan fuskar wannan, sa'an nan fuskar wancan. Mai haɗa fim zai zo daga baya ya yanka ya liƙa. In muryoyi biyu suka hau kan juna a zare ɗaya, ba shi da wurin da zai sa almakashi ba tare da ya datse kalmar wani ba. Saboda haka aka sa doka a ɗakin ɗaukar fim cewa kowane ɗan wasa ya bar ɗan fili tsakanin maganarsa da ta abokinsa. Wannan shi ne asalin ladabin nan na ban mamaki da muke gani, inda ko masu faɗa sukan jira juna. Daga wannan tushe ne kuma waɗansu ɗabi'un suka fito. Mutanen da ake gani a baya cikin gidan abinci motsa baki kawai suke yi, hayaniyarsu daga baya ake sa ta. Masu rawa a gidan rawa sau da yawa ba kiɗa suke taka rawar, shi ya sa jarumi da jaruma ke hira da murya ƙasa-ƙasa a wurin da a zahiri sai an yi ihu ake ji.

Haka nan tuƙin mota. Daga shekarun 1930 akan ajiye rabin mota a cikin ɗaki, a haska hoton titi yana gudu a wani allo da ke bayanta. Direba ba shi da abin da zai kara da shi, don haka yakan juya ya dubi abokin hirarsa na tsawon lokacin da a kan titin gaske da tuni an yi jana'izarsu, yana ta kaɗa sitiyari hagu da dama alhali hanya miƙaƙƙiya ce.

Zuwan magana ya kuma kawo wata tambaya, watau da wane harshe za a yi ta? Kamfanoni suka ɗebo 'yan wasan dandamali da marubuta daga Niyok, suka ɗauki malaman lafazi. Abin da waɗannan malamai suka koyar wani karin Turanci ne da ke tsakanin na Ingila da na Amurka, wanda manyan makarantun attajirai da gidajen wasan kwaikwayo suka raya, amma babu wani gari da talakawansa ke magana da shi. Littafin Edith Skinner na 1942, Speak with Distinction, yana daga cikin waɗanda suka tsara wannan lafazi, kuma muryar Katharine Hepburn ita ce misalin da aka fi sani. Mai nazarin tarihin harshe da ya ɗauki wannan a matsayin Turancin Amurkawan wancan lokaci ya yi ɓatan kai.

An yi yunƙurin karya wannan tsari tun da wuri, kuma yadda aka yi yunƙurin ya ƙara tabbatar da abin da muke faɗa. A His Girl Friday na 1940, Howard Hawks ya so 'yan jaridar cikin labarin su riƙa hawa kan maganar juna. Dabarar da ya yi ita ce ya ƙara 'yan kalmomi marasa muhimmanci a farko da ƙarshen kowace jimla, yadda in muryoyi suka haɗu, kalmomin banzan ne za su ɓace, cibiyar maganar ta fito sarai. Ashe ko hargitsin da ya yi kama da na gaskiya, auna shi aka yi. Bayan yaƙin duniya na biyu sai ga Marlon Brando a A Streetcar Named Desire na 1951 da On the Waterfront na 1954, yana tauna kalmomi, yana tsayawa a tsakiyar jimla, yana sosa jiki. Waɗansu masu sharhi suka yi ta yi masa gorin cewa ba a jin abin da yake faɗa, domin kunne ya riga ya saba da maganar da ba ta mutane ba. Amma matsalar zare ɗaya ba ta warware sosai ba sai a hannun Robert Altman, wanda a California Split na 1974 ya maƙala wa 'yan wasa ƙananan makirufo, aka ɗauki muryoyinsu a layuka takwas dabam-dabam, ya kuma ci gaba da wannan dabara a Nashville na 1975. Tun daga lokacin na'ura ta daina hana kowa katse kowa. Duk da haka, mafi yawan finafinai sun ci gaba da tsohon ladabi, domin marubuta a kansa suka koyi sana'a, masu kallo kuma da shi suka girma.

3.0 Abin da Doka ta Hana

A 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa silima kasuwanci ne kawai, ba ya cikin abin da tsarin mulki ya ba 'yancin faɗar albarkacin baki. Wannan ya ba jihohi da birane damar kafa hukumomin tace finafinai, kowace da almakashinta. Don gudun wannan asara sai kamfanoni suka gwammace su tace kansu da kansu. A 1922 suka ɗauko Will Hays ya shugabanci ƙungiyarsu, a 1930 suka amince da wata rubutacciyar ƙa'ida da Martin Quigley da wani limamin Katolika, Daniel Lord, suka tsara. Da farko ba a bi ta da gaske ba. Sai a 1934, bayan 'yan Katolika sun yi barazanar ƙaurace wa gidajen silima, aka kafa ofishi ƙarƙashin Joseph Breen, aka ce kowane fim sai ya sami hatiminsa, wanda ya saɓa kuwa tararsa dala 25,000.

Ƙa'idar ta hana ashar da zagi, ta hana doguwar sumba ta sha'awa, ta hana a nuna dalla-dalla yadda ake aikata laifi, ta kuma nemi kada mai laifi ya ci riba. Daga nan aka sami 'yan fashi da sojoji da matuƙan jirgin ruwa waɗanda ko an harbe su ba sa furta baƙar kalma. Gadaje biyu na ma'aurata kuwa sun zama al'ada ne saboda taka-tsantsan na ofishin Breen da kuma tsoron masu tacewa na Ingila, wadda ita ce babbar kasuwar Holiwud a waje. Banɗaki ma ya rasa masai. Shekaru da dama mutanen silima suna wanka, suna aski, suna goge haƙori, amma ba mai zagayawa, har sai da Alfred Hitchcock ya nuna mace ta yayyaga takarda ta zuba a masai ta kora ruwa a Psycho na 1960, abin da ya zama abin magana a lokacin.

Shi dai Hitchcock ɗin ya nuna mana yadda doka kan haifi sabuwar ɗabi'a maimakon ta kashe tsohuwa. A Notorious na 1946, da yake an hana doguwar sumba, sai ya sa Cary Grant da Ingrid Bergman suna yi suna katsewa, suna 'yar hira kan abincin dare, suna tafiya manne da juna zuwa wurin tarho, har abin ya ɗauki sama da minti biyu. Babu masoyan da ke yin haka a duniya, amma doka ba ta sami abin kamawa ba. Haka marubuta suka ƙware wajen habaici da zaurance, mace da namiji su yi ta magana kan tseren dawaki ko kunna taba alhali kowa ya san inda aka dosa. Yawancin abin da ake yabawa na kaifin zancen finafinan wancan zamani, tsoron almakashi ne ya wasa shi.

A 1952 Kotun Ƙoli ta janye hukuncinta na 1915, ƙa'idar ta yi ta rauni, har a 1968 aka maye gurbinta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. Ashar ya dawo, gado ya koma ɗaya. Amma sabon tsarin ma ya haifi nasa abin mamakin, kamar zanen rufa da ke tsayawa a ƙugun namiji amma ya kai har wuyan mace, su biyun kuwa a gado ɗaya suke.

4.0 Tsadar Lokaci

Dalili na uku ya fi sauran daɗewa, domin bai dogara da wata na'ura ko hukuma ba. Tun zuwan magana aka tsayar da gudun fim a kan hotuna 24 cikin daƙiƙa ɗaya, watau ƙafa 90 na zare a kowane minti. Gammo ɗaya mai ƙafa 1,000 bai wuce minti 11 ba, fim na awa biyu kuwa yana cin ƙafa 10,800, ban da ninkin-ba-ninkin da ake ɗauka a zubar. A wajen marubuta, shafi ɗaya na rubutu minti ɗaya ne a allo. Wanda aka ba shafi ɗari da 'yan kai ya ba da labarin rayuwar mutum ba zai kashe rabin shafi a kan sallamar tarho ba. Koyarwar da ake yi musu ita ce su shiga fage bayan an fara, su fita kafin a gama. Shi ya sa babu gaisuwa, babu jiran canji, babu neman wurin ajiye mota, kuma da an kunna rediyo sai a tarar ana karanta daidai labarin da ya shafi jarumi. Wan da ke tuna wa ƙanensa rasuwar mahaifinsu kuwa, da mu masu kallo yake, ƙanen an ajiye shi ne kawai don a sami wanda za a duba.

Abincin da ba a ci shi ma yana da bayani. In za a maimaita fage sau goma ko ashirin, ɗan wasan da ya ci da gaske a karon farko zai ci sau ashirin, kuma dole abin da ke cikin faranti ya koma daidai yadda yake a kowane karo, in ba haka ba mai kallo zai ga nama ya ragu ya kuma ƙaru. Mafita ita ce a yi ta juya cokali ana magana. Saboda irin wannan dalili ne ake ba 'yan wasa kofi ba komai a ciki, shi ya sa suke kaɗa shi yadda mai riƙe da ruwan zafi ba zai yi ba. Lambobin tarho kuwa da ke farawa da 555 sun yaɗu ne daga wajen shekarun 1960, don kada masu kallo su dami mai lambar gaske, kuma an keɓe daga 555-0100 zuwa 555-0199 musamman domin ƙagaggun labarai.

Akwai waɗanda suka gwada mayar da abin da aka yanke. A 1975 Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, ta fitar da Jeanne Dielman, fim na sama da awa uku, inda ake kallon wata mata tana feraye dankali, tana wanke-wanke, tana gyara gado, kwana uku a jere. A 2022 masu sharhin da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka zaɓe shi a matsayin fim mafi daraja. Amma ƙarfinsa ya samu ne daga saɓa wa abin da aka saba, kuma shi ma kowane motsi a cikinsa tsara shi aka yi.

5.0 Indiya da Ƙasar Hausa

Waɗannan dalilai uku sun yi aiki a wasu wurare, sai dai ɗabi'un da suka haifar sun bambanta. A Indiya, fim mai magana na farko shi ne Alam Ara na Ardeshir Irani a 1931, kuma da waƙoƙi bakwai ya zo. A 1935 aka fara dabarar ɗaukar waƙa tun da farko a sa ɗan wasa ya riƙa motsa baki, abin da ya ba kowane jarumi muryar ƙwararren mawaƙi. Sumba kuwa an nuna ta a Karma na 1933, amma daga baya, saboda tsananin masu tacewa, ta ɓace shekaru da dama, aka maye gurbinta da furanni biyu masu haɗuwa, ko tsuntsaye, ko rawa cikin ruwan sama.

A ƙasarmu, kafin finafinan kasuwa su yi ƙarfi, jama'a da dama sun fara sanin fim ne ta hanyar majigin gwamnati. William Sellers, wani jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas, wanda aka ba jagorancin sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a 1939, yana da ra'ayin cewa mutumin Afirka ba zai fahimci fim ba in ana tsallake-tsallake. Don haka ya ce a nuna komai a hankali, kada a yanke. Mr English at Home na 1940 ya bi iyalin wani ma'aikacin Ingila tun daga tashi barci, da wanka, da karin kumallo, har dawowa gida. A nan babu abin da aka tsallake, amma duk da haka gidan da aka nuna darasi ne aka shirya, mai tsafta da ladabin da ake so 'yan mulkin mallaka su kwaikwaya. Mai tarihi zai fi koyon tunanin Sellers daga wannan fim a kan ya koyi zaman gidan Bature.

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka sami karɓuwa ƙwarai. Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai suka ari waƙar masoya cikin lambu daga Indiya, suka kuma sami nasu sharaɗin, musamman bayan kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001. Tun da masu fitowa a matsayin mata da miji ba ma'auratan juna ba ne, galibi ba a yarda su taɓa juna ba. Sai ka ga mata ta yanke jiki ta faɗi, mijinta yana tsaye a kanta yana salati, bai kai hannu ba. Gaisuwa kuma, wadda a zahiri sai an bi kwana da gajiya da iyali da aiki, a fim an rage ta zuwa jimla ɗaya ko biyu, ko da yake sallamar bakin ƙofa ta tsira, domin mai kallo Bahaushe ba zai yafe a faɗa wa mutane gida haka kawai ba. Wanda zai zo bayan shekara hamsin ya auna zaman auren Hausawa da waɗannan finafinai, tarkon da ya kama mai gadaje biyu shi zai kama shi.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙari mu nuna cewa baƙin ɗabi'un mutanen silima sun samo asali ne daga raunin makirufo, da almakashin mai tacewa, da tsadar kowane minti, sa'an nan sabo ya riƙe su bayan waɗansu daga cikin dalilan sun kau. Shawararmu ga mai son kafa hujja da fim ita ce, kafin ya ce ga yadda mutanen wani zamani suke yi, ya fara tambayar wace na'ura aka yi aiki da ita, wa ya tace fim ɗin, kuma me aka yanke don a rage tsawo. Abin da ya saura bayan waɗannan tambayoyi, kamar fasalin titi, da ɗinkin tufafin masu wucewa, da kayan da ke kan kanta, sau da yawa ya fi abin da jarumi ke yi zama shaida, domin ba a kula da shi ba balle a gyara shi. Muna fatan masu nazarin finafinan Hausa za su bi wannan hanya, su tattara ɗabi'un da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya, su tambayi masu shiryawa da 'yan wasan farko dalilin kowace, tun suna raye.